In kiɗa ya canza: yadda ɗan dandamali zai saki jiki da abokan aikinsa

Saura kwana huɗu mu hau dandamali darakta ya ja ni gefe ya ce min wannan doguwar maganar taka ta ƙarshen fitowa ta biyu cire ta za mu yi gaba ɗaya. Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan sanyi, don kusan wata biyu kenan ina haddar abun nan, ina tafe ina maimaitawa, na kwanta ina maimaitawa, har na san inda zan ja numfashi da inda zan sauke murya, kuma a raina nan ne wajen da za a tafa min. Ya ce a maimakonta ka tsaya kawai ka kalli abokiyar wasanka, kar ka ce uffan, ka ƙirga biyar a zuciyarka sannan ka juya ka fita. Na buɗe baki zan yi musu ya ce gwada tukuna, in bai yi ba mu mayar. Na gwada ba da son raina ba. Ran wasa da na zo wajen na tsaya na yi shirun nan, ɗakin gaba ɗaya ya yi tsit, har ƙarar kujerar wani da ya gyara zama a can baya sai da na ji, ita kuma abokiyar wasan nawa idonta ya ciko da ƙwallar da babu ita a sikirif. Da na kafe a kan maganata da har yau ban san akwai wannan a cikin wasan ba.

Toh tun daga ranar nake tunanin abun, kuma shi ne nake so mu tattauna da duk wanda sana'arsa tsayawa gaban mutane ce, ko kai mawaƙi ne, ko makaɗi, ko ɗan rawa, ko ɗan wasan kwaikwayo, ko mai barkwanci.

Fara da yarda cewa ba ka ganin kanka

A duk ɗakin da ake wasa, kai kaɗai ne ba ka kallon wasan. Mai kallo na gani, darakta na gani, mai fitila na gani, kai kuwa kana ciki tsamo-tsamo, abun da kake ji a jikinka daban, abun da ke isa kujerar baya daban. Ko muryarka ma ba yadda kake jin ta mutane ke jin ta ba, domin kai wani ɓangare na sautin ta ƙasusuwan kanka yake bi ya isa kunnenka, shi ya sa kake jin ta da kauri da zaƙi, in aka naɗa aka kunna maka sai ka ce kai anya ni ne wannan? Eh kai ne, haka kowa ke jin ka kullum. Haka mawaƙin da ke kan dandamali, lasifikar da ke gabansa tana fuskantarsa ita yake ji, manyan lasifikun da ke fuskantar jama'a kuwa mai haɗa sauti da ke zaune can tsakiyar ɗaki shi yake jin su. Kenan in ya ɗago maka hannu ya ce matso da makirufo ko ja da shi baya, dan Allah yi kawai, kunnensa na wajen da naka ba zai taɓa zuwa ba.

Abun da zai taimaka maka ka yarda da wannan da gaske, ka riƙa ajiye waya tana ɗaukar rihasal daga inda 'yan kallo za su zauna, ba daga kusa ba. In ka koma ka kalla sau biyu. Na farko ka kashe sauti ka kalli jikinka kawai, za ka ga hannun nan da kake ta wulwulawa ba ka sani ba, za ka ga ka ba wa rabin ɗakin baya. Na biyu ka kifa wayar ka saurari murya kawai. Iya nan, kar ka wuce sau biyu, don in ka yawaita za ka koma yi wa kamara wasa kana gyara fuska maimakon ka saurari wanda ke gabanka. Amfanin wannan shi ne gobe in darakta ya ce maka kana saurin magana ba za ka ji kamar sharri yake maka ba, ka riga ka gani da idonka.

Gwada tukuna, musu ya biyo baya

Wannan ita ce ƙa'idar da na fi riƙewa. Duk shawarar da aka kawo a rihasal, in dai ba mai haɗari ba ce kuma ba ta taɓa mutuncinka ba, ka gwada ta sau uku kafin ka ce a'a. Kuma gwaji na gaskiya nake nufi, don akwai wani irin gwaji da muke yi na mugunta, ka yi abun a sanyaye da rabin zuciya don ya lalace ka juyo ka ce ai na faɗa muku ba zai yi ba. Kowa a ɗakin ya san ka yi hakan, kuma daga ranar mutane za su daina kawo maka tunaninsu. Na farko jikinka bai saba ba dole ya yi wani iri, na biyu ka fara gane hanya, a na uku ne za a iya yanke hukunci. Minti biyar kawai zai ci, musun kuwa sai ya ci rabin awa kuma a tashi ba a san gaskiya ba, saboda abun dandamali a ƙafa ake gane shi, a zaune kowa na da hujja mai daɗi.

Sai yadda ake karɓar gyara bayan an gama gwaji. Ka zo da biro da takarda ko ka buɗe wajen rubutu a wayarka, a faɗa ka rubuta ka ce na gode, shikenan. Kar ka fara ai abun da ya sa na yi haka shi ne, domin ran wasa ba za ka bi 'yan kallo kujera-kujera kana musu bayanin dalilinka ba, in bai fito ba bai fito ba. In ba ka gane gyaran ba ka yi tambaya, amma tambayar neman sani, misali me kake so mai kallo ya ji a wajen nan, ko a daidai ina ka ga na sake. Wani lokaci za a ce maka ƙara ƙarfi, ka rasa ƙarfin me, murya ko fushi ko sauri, toh tambayi, kar ka tafi gida kana ta saƙe-saƙe.

Ga wani abu da na daɗe kafin na gane. Sau da yawa mai gyara yakan yi daidai a wajen da ciwon yake amma ya yi kuskure a magani. Mutum zai ce maka baitin nan na uku ka sa masa amshi, wani ya ce a'a ka rage shi, wata ta ce ka ɗaga murya a wajen, shawara uku mabambanta amma duk yatsansu wuri ɗaya yake nunawa. Kar ka ce tunda bakinsu bai zo ɗaya ba babu matsala. Akwai matsala a baiti na uku, maganin ne ya rage naka ka nemo, ƙila ma asalin ciwon a baiti na biyu yake, can ne ka gina abun da na ukun ya kasa ɗauka.

Kuma dan Allah kar ka ba abokin wasanka gyara kai tsaye in akwai darakta. Ka ga wani abu, kai wa darakta a keɓe. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, gaskiya ne, amma bakin da ya faɗa da lokacin da aka faɗa su ke sa a karɓa ko a ƙi.

Ka san ƙashin bayan aikinka, sauran duk riga ce

Mutane da yawa suna tsoron canji ne saboda ba su tantance mene ne ainihin abun da suke karewa ba, sai su kare komai, har da launin hula da gefen da za su shigo. Zauna ka rubuta a jimla ɗaya tak abun da wannan waƙa ko wannan rol yake nufi a wajenka. Misali, uwa ce da take son ɗanta ya tafi amma ba ta so ya ga tana kuka. In ka samu wannan jimlar ka samu ma'auni, duk canjin da aka kawo sai ka ɗora shi a kai, in bai karya jimlar ba ka sake shi ya wuce, a canza kaya, a canza tsayuwa, a yanke layi, a sauke waƙar zuwa ƙaramar murya, duk riga ce. In kuwa ya karya ta toh nan ne wajen tsayawa a yi magana, kuma za a saurare ka don an san ba a kan komai kake tada jijiyar wuya ba.

Akwai labarin da nake yawan tunawa a nan. Ran 24 ga Janairun 1975 makaɗin fiyano ɗan Amurka Keith Jarrett ya isa birnin Kolon na Jamus zai yi wasa shi kaɗai a babban ɗakin opera na garin, ya zo a gajiye ga rashin barci ga ciwon baya, sai ya tarar ba fiyanon da ya nema aka ajiye masa ba, wani ƙarami ne na rihasal, sautinsa na sama siriri mara daɗi, na ƙasa ba ƙarfi, abun takawar ma ba ya aiki yadda ya kamata. Ya so ya fasa. Matashiyar da ta shirya taron, wacce ko shekara 20 ba ta kai ba, ita ta yi ta roƙonsa har ya amince, masu gyara suka yi iya yinsu, ya hau wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare gaban mutum kusan 1,400. Tunda sama da ƙasan fiyanon ba su da kyau sai ya tattara kiɗan a tsakiya, hannun hagunsa yana ta maimaita bugu mai nauyi don sautin ya cika ɗakin. Faifan da aka naɗa a daren ya sayar da sama da kwafi miliyan 3, kuma salon da mutane suka ƙaunata a cikinsa wani ɓangarensa lalurar fiyanon ce ta haifar da shi. Ba ina cewa ka yarda da kayan aiki marasa kyau kullum ba, a'a ka nemi haƙƙinka, amma in an riga an zo wajen, jama'a sun zauna, abun da ke hannu shi ke hannu, tambayar da za ka yi wa kanka ita ce me wannan abun zai iya yi, sai ka bi ta nan.

Kunne ya fi baki aiki a kan dandamali

Yawancinmu in abokin wasa na magana ba saurare muke ba, jira muke ya gama mu faɗi namu. Ana ganewa daga kujerar 'yan kallo wallahi, idon mutum ya yi fayau yana lissafin layinsa na gaba. Haka makaɗin da ya haddace abunsa ya rufe ido yana ta bugawa ko mawaƙi ya ja baiti ko ya gajarta shi bai sani ba. Ai in kiɗa ya canza dole rawa ta canza, kuma kiɗan yana canzawa kowane dare ko da kaɗan ne, yau abokinka ya zo da mura muryarsa ta dushe, gobe ɗakin ya cika da masu dariya dole ka dakata dariyar ta sauka kafin ka ci gaba in ba haka ba layinka ya nutse.

Herbie Hancock, wanda ya shiga ƙungiyar mai busa turampet Miles Davis a 1963 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya sha ba da labarin wani dare da kiɗa ya yi daɗi, Miles na tsakiyar busa sai shi Hancock ya danna sautin da sam bai dace da wajen ba, har ya ji kamar ya rusa komai. Miles ya ɗan dakata na ƙiftawar ido sannan ya busa wasu sautuka da suka sa wancan kuskuren ya zauna daram kamar da gangan aka yi. Bai harare shi ba, bai tsaya nuna wa jama'a cewa ba laifina ba ne, ya ɗauki abun a matsayin abun da ya faru ya nemo amsarsa. Irin abokin aikin da za ka nema kenan, kuma irin wanda za ka zama kenan. In wani ya manta layi kar ka tsaya ƙiƙam kana kallonsa yana nutsewa, jefa masa igiya, yi masa tambaya a cikin rol ɗinka da za ta dawo da shi hanya, ko ka ɗauki bayanin da ya kamata ya faɗa ka saka a bakinka. In kofi ya faɗi ya fashe kar ku yi kamar ba ku gani ba alhali mutum ɗari uku sun gani, duƙa ka tsince kana ci gaba da magana.

Masu wasan da ake ƙirƙira nan take ba tare da rubutu ba, irin na gidan wasan Second City da aka buɗe a Shikago a 1959, suna da ƙa'idar da suke koya wa sabon shiga tun ranar farko, wato ka amsa da eh sannan ka ƙara naka a kai. In abokinka ya shigo ya ce likita ƙafata, toh ka zama likita kenan, kar ka ce ni ba likita ba ne direba ne don kawai kai da direba ka shigo a ranka. Ku gwada wannan minti goma kafin kowane rihasal ko da ku mawaƙa ne, mutum biyu su gina labari jimla-jimla, kowa dole ya karɓi abun da aka miƙo masa. Wani atisayen kuma, ku tsaya a da'ira ku rufe ido ku ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin, ba a tsara wa zai faɗi wace lamba ba, in mutum biyu suka yi karo a koma ɗaya. Ranar farko da ƙyar za ku wuce bakwai, kuma nan take za ku gane waye mai gaggawa waye mai ɓuya. Bayan sati biyu za ku ji ƙungiyar ta fara numfashi tare.

Yarda gina ta ake yi, kuma kai ne tubalin farko

Ba wanda zai ce maka yarda da ni ka yarda. 'Yan rawa sun fi kowa sanin wannan don su jikinsu suke miƙawa, wacce za a ɗaga sama in ta ƙanƙame jiki don tsoro ko ta yi ƙoƙarin taimaka wa mai ɗagawar ta hanyar da ba a tsara ba, nauyinta rikicewa yake ya fi wuyar riƙewa, faɗuwar ma ta nan take zuwa. Amma ba a fara wa daga sama, ana fara wa ne daga jingina, ka ba ni kaɗan daga nauyinka in riƙe, gobe a ƙara, jibi a ɗaga zuwa gwiwa, da katifa a ƙasa da mutum na uku a tsaye kusa. Faɗan dandamali ma haka, in ka ga an ja gashin wata ana jan ta a ƙasa, ita ce ta riƙe hannun mai jan kuma ita ke tafiyar da motsin, shi bin ta kawai yake yana nuna kamar da ƙarfi, kuma ana maimaita faɗan a hankali kafin kowane wasa ko an yi shi sau hamsin. Wannan tsarin shi ya kamata ka ɗauka zuwa sauran aikin, a fara da ƙaramin amana a ga yadda aka riƙe shi.

Ta ɓangarenka kuwa abubuwan ba su da wani kwarjini amma su ne komai. Zo a kan lokaci. Zo da haddarka, don wanda bai haddace ba ba zai iya sakin jiki ya saurari kowa ba, kansa na can yana laluben kalma, kaga kenan shiri sosai shi ke ba ka 'yancin canzawa. Abun da aka tsayar a rihasal kar ka canza shi ran wasa ba ka gaya wa kowa ba, musamman inda ya shafi fitila da sauti da taɓa jikin wani, domin mai fitila wata kalma taka yake jira ya danna, in ka tsallake ta ka bar shi a duhu ka bar kanka a duhu. In ka yi kuskure riga kowa faɗa. Abun da wani ya gwada a rihasal ya kwaɓe masa, ko kukan da ya zo masa ba shiri, ya tsaya a ɗakin, kar ya zama hirar waje ko abun ɗorawa a intanet, in ka yi haka sau ɗaya ba wanda zai ƙara yin kasada a gabanka.

Kuma ka san sunan masu bayan fage, mai sauti, mai fitila, mai kaya, mai kula da shige da fice. Ka gaishe su kafin ka buƙace su. Ranar da batirin makirufo zai mutu a tsakiyar waƙa su ne za su rugo a duƙe su miƙo maka wani.

In kana jagorantar ƙungiya kuma, buɗe ƙofa ka bar mutane su kawo nasu. Mai tsara rawa Pina Bausch da ta karɓi ƙungiyar rawa ta Wuppertal a Jamus a 1973 ta shahara da yi wa 'yan rawarta tambayoyi a rihasal, su amsa da magana ko da motsi, daga amsoshin nan take tsinto abun da za a gina wasan da shi. Mai tsara rawa Merce Cunningham da mai tsara kiɗa John Cage, 'yan Amurka, su kuma nasu ya fi ban mamaki, ɗaya ya shirya rawa ɗaya ya shirya kiɗa kowa a gefensa, tsawon lokaci kawai suka yarda a kai, sau da yawa sai ran fara nunawa 'yan rawar ke jin kiɗan. Ba lallai ka kai nan ba, ni kaina ba zan iya ba, amma ka ga iya nisan da yarda ke kaiwa in mutane sun daɗe tare kowa ya san hannun kowa.

Inda za ka ce a'a

Kar wani ya karanta duk wannan ya ɗauka cewa nake ka zama tabarma kowa ya taka. Akwai masu fakewa da kalmar yarda su cuci mutane, musamman sababbin shiga da mata, a ce ai in ke 'yar wasa ce ta gaske ba za ki yi tambaya ba. Ƙarya ne. Duk abun da ya shafi taɓa jiki, ko cire sutura, ko hawa wuri mai tsayi, ko wuta, ko makami ko na roba ne, dole a faɗe shi tun kafin a fara, a tsara shi taki-taki, a samu mutum na uku a wajen, kuma kina da damar cewa wannan ban yarda ba ba tare da dogon bayani ba. Darakta na ƙwarai zai nemo wata hanya, ai hanyoyin nuna abu ɗaya sun fi goma. Wanda ya ce sai dai a keɓe ku biyu za a gwada, ko ya yi fushi don kin tambaya, ya riga ya ba ki amsar ko waye shi.

Maganar kuɗi da haƙƙin mallaka ma a rubuta, ko da da amininka ne, ni a ganina ma musamman in amininka ne. Wa ya rubuta waƙar, wa ya yi kiɗan, sunan wa zai fito, kashi nawa kowa zai samu, wa ke da ikon ɗora ta a intanet. A yi wannan tun ana dariya kafin abun ya karɓu, don ƙungiyoyi da yawa ba rashin nasara ce ta watsa su ba, nasarar ce ta zo ta tarar ba a yi magana ba. In takarda ta zauna sai zuciya ta kwanta, ka shiga situdiyo ka zuba duk tunaninka ba ka ɓoye wani don tsoron a kwashe.

In kuma saɓanin na fasaha ne zalla, ka gwada sau ukun nan har yanzu kana ganin ya karya ƙashin bayan aikin, nemi darakta ku biyu bayan an tashi, ka ce na gwada ga abun da nake ji ga kuma wata hanya da nake so ka kalla sau ɗaya. In ya kalla ya ce a'a, toh hukuncinsa ne, ka yi nasa da zuciya ɗaya ko ka janye tun da wuri cikin mutunci. Abun da ba kyau shi ne ka amsa da baki ran wasa ka hau ka yi naka.

Canjin da ke zuwa a hankali

Akwai kuma canjin da ba darakta ne ke kawo shi ba, shekaru ne. Muryar da kake da ita a shekara ashirin da biyar ba ita za ka samu a hamsin ba, saman yakan ragu ƙasan ya ƙara nauyi, gwiwar ɗan rawa ma tana da nata lissafin. Sauke waƙar ƙasa kaɗan ba abun kunya ba ne, karɓar rol ɗin uba bayan ka saba fitowa saurayi ba faɗuwa ba ce, akwai abubuwan da sai yanzu fuskarka za ta iya ɗauka. Masoya za su yi ta cewa mu dai irin na da muke so, ka ba su wani abu daga na dan don suna da haƙƙi, amma ka bar wa sabon wuri a kowane wasa ko da guda ɗaya ne. Darakta ɗan Rasha Stanislavski da ya kafa gidan wasan Mosko tare da abokinsa a 1898, wanda har yau ake koyar da tsarinsa a makarantun wasan kwaikwayo na duniya, a shekarunsa na ƙarshe kafin rasuwarsa a 1938 shi da kansa ya sauya hanyar aikinsa, ya rage dogon zaman tebur ana fashin baƙin rubutu ya koma tada 'yan wasa tsaye su nemo rol ta hanyar aikatawa. Mutum ya haura saba'in sunansa ya gama zagaya duniya yana sake duba abun da ya gina da hannunsa.

Wani canjin kuma faɗowa yake kamar aradu. A watan Maris na 2020 gidajen wasan Broadway da ke birnin New York suka rufe saboda korona, yawancinsu ba su dawo ba sai wajen Satumban 2021, haka abun ya kasance kusan ko'ina, mutanen da duk rayuwarsu gaban jama'a take suka wayi gari sai kamarar waya. Waɗanda na ga sun fi jurewa su ne masu mutane, wanda ya iya tace bidiyo ya koya wa wanda bai iya ba, mai ɗan situdiyo a ɗaki ya haɗa wa sauran sauti, ƙaramin yaron ƙungiya da ba a cika jin ta bakinsa ba ya zama shi ne malamin kowa. Saboda haka ko ba annoba ka riƙa aiki lokaci-lokaci da wanda ya girme ka sosai da wanda ka girma sosai, da wanda fanninsa ba naka ba ne, mawaƙi ya zauna da 'yan rawa, ɗan wasa ya je ya ga yadda edita ke yanka sin, za ka ga dalilin da ya sa aka cire wajen da ka fi so kuma za ka rage jin zafin abun.

In an gama wasa a daren, kar ku yi zaman gyara nan take, jini na kan akaifa, wanda ya yi kuskure ya riga ya sani. A taimaka a naɗe wayoyi a kwashe kaya, ka je ka samu wanda ya cece ka a fitowa ta uku ka ce masa na ga abun da ka yi min na gode, ka rubuta abu biyu da ka lura da su a wayarka kafin ka kwanta. Washegari in an haɗu sai a buɗe takarda, a fara da wanda ya zauna a kujerar baya ya faɗi abun da ya gani.